Neman Mai Jan Ƙyalle

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, a wani ƙauye kusa da Maraɗi, kuma maganar da zan yi tana ɗauke da sunaye irin na masana, waɗanda ban saba rubutawa ba sai dai in kwafa daga jikin tukunya. Ina kuma tsoron in yi magana a kan mutumin da ya koya mini sana'a, ya zamana na ƙara masa abin da bai yi ba ko na rage masa. Matata Rabi ce ta gaji da ni. Ta ce, "Malam, in sai ka tabbatar da komai za ka rubuta, itacen nan zai mutu a inda yake kana nan kana gyara zama." Gaskiya ta faɗa. Wani ɗan itace nake nema a cikin garin Greensboro da kewayenta, a nan jihar Karolina. Na yi imani yana nan da rai a gindin katangar wani, mai gidan bai san abin da yake da shi ba, ni kuma na kasa gano shi ni kaɗai. Kafin in roƙi abin da zan roƙa, sai na gaya muku ko wane itace ne, da yadda aka yi ya ɓace mana.

Akwai kuma wani dalili. A wani suna da aka yi kwanakin baya, muna cin shinkafa, wani saurayi cikin masu kai kaya gida-gida ya ce mini, "Baba Haruna, ku ai hutu kuka sha. Ka riƙe tiyo, ka fesa wa fulawa ruwa, shi ke nan an tashi." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ni mutum ne da amsa ba ta zuwa mini sai na kama hanyar gida. To ga ta, ta zo a makare.

Aikin farko da aka ba ni a lambun renon itatuwa da ke McLeansville shi ne cika tukwane. Na zo da ɗan girman kaina a ɓoye, domin a lambu na tashi, cikin albasa da tumatir da jan guga. Sai aka haɗa ni da wani gajeren dattijo mai malafa, Baba Salifu, mutumin zangon Kumasi, wanda ya riga ni zuwa wurin da shekaru masu yawa. Ya miƙo mini shebur da baro, ya nuna mini wani tudu baƙi-baƙi. Na damƙa na ji ba ƙasa ba ce, ɓawon itace ne da aka niƙa.

Na ce, "Baba, ina ƙasar?"

Ya ce, "Ei, ɗan Faransa, ka baro ƙasa a Maraɗi. Ta nan jar laka ce, in ka sa ta a tukunya bulo za ka buga. Cika."

Da wannan suna na ɗan Faransa ya ci gaba da kirana har ya bar ƙasar nan, saboda ina ce wa babbar mota kamyo, ina ce wa makaranta lakwal.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ban-ruwa, wanda kuke ganin shi ne mai sauƙi. A wurinmu ruwa ba ya yawa. Duk wanda ya tashi inda ake kallon sama ana jira, in ya ga ganye ya sunkuya, hannunsa tiyo yake nema. A nan kuwa ruwa ya fi fari kashe shuka. Ganyen da saiwarsa ta ruɓe yana sunkuyawa daidai yadda mai ƙishi yake yi, sai ka tausaya masa ka ƙara masa abin da ke kashe shi. Baba bai bar ni na taɓa famfo ba sai da na koyi ɗaga tukunya. Za ka bi layi, ka sa yatsu a bakinta, ka ɗaga kaɗan, nauyin ne zai gaya maka. Yakan tsaya a bayana yana cewa, "Kar ka tambayi ganye. Ɗaga ka ji." Har yau in na je gidan mutane na ga tukunyar fure a ƙofa sai na ɗan ɗaga ta, Rabi tana hararata.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Almakashin reshe a ƙugu, ƙaramar wuƙa mai naɗewa, dutsen wasawa, sai kwalbar sifirit da tsumma. Duk itacen da ka gama yankawa sai ka goge bakin almakashi kafin ka taɓa na gaba, domin cuta a bakin ƙarfe take tafiya. Ranar da na fara ganin kwalbar na tsaya ina jujjuya ta, na tambayi Baba ko in ya taɓa hannuna sai na sake alwala, tunda dangin barasa ne. Ya dube ni ya ce, "Sha za ka yi?" Na ce a'a. Ya ce, "Yoo. Goge ka ba ni wuri." Duk da haka sai da na kai wa Liman tambayar.

Wata rana a lokacin sanyi muna datse wardi, muka zauna cin abinci a bayan rumfar leda. Baba ya ɗauko tuffa. Bai yanka ta daga sama zuwa ƙasa yadda aka saba ba, ya yanka ta a kwance ta tsakiya, ya nuna mini tauraro mai kusurwa biyar inda 'ya'yan suke. Ya ce in riƙe wannan a kaina har furanni su fito. Da Afrilu ta zo ya ja ni gindin itacen tuffa, ya sa na ƙirga ganyayyakin furen, waɗanda yake kira kunnuwa. Biyar. Ya kai ni wurin sitiroberi mai rarrafe a ƙasa, kunne biyar. Daga baya wardin daji da ke bakin shinge ya buɗe, shi ma haka. Ya ce duk dangi ɗaya ne, dangin wardi.

Na ce, "Haba Baba, wannan ƙaton itace da wannan mai jan ciki?"

Ya ce, "A gidanku duk tsawonku ɗaya?"

Kada wani ya ɗauka duk fure mai kunne biyar ɗan wardi ne. Ba haka ba ne, akwai sauran abubuwan dubawa, kuma ni kaina na taɓa ruɗuwa. Amma daga ranar na fahimci abin da ke rubuce a jikin tukunya. Sunaye biyu ne a jere. Na farko sunan gida, na biyu sunan shi kansa itacen, gidaje da yawa kuma su haɗu su zama dangi. Duk baƙon itacen da kamyo ya sauke, tambayar Baba ta farko ita ce wadda dattawa ke yi wa baƙo: "Ɗan gidan wa?" Ba don ƙawa yake yi ba. In ka san gidan, ka san cutar da ke bin gidan, ka san ƙasar da suke so, ka san lokacin da za ka sa musu almakashi.

Itacen da nake nema ɗan wannan dangi ne. Ba ya tsawo, daga gwiwa ne zuwa ƙugu. Rassansa sirara ne masu yawa, furensa ruwan ɗorawa, faɗinsa kamar murfin kwalba. Lokacin da na fara aiki, sunan gidansa a jikin tukunya Potentilla. Asalinsa ƙasashen sanyi ne, Kanada da jihohin da ke can sama, inda ƙanƙara ke binne shi wata da watanni bai damu ba. Abin da ba ya iyawa shi ne Agustan Karolina, zafi da gumi, gari ba ya hucewa ko rana ta faɗi.

Mai lambun, wani tsohon Bature mai yawan shiru, yana sayo su daga arewa duk shekara, domin mutanen da suka ƙauro daga can ba sa daina tambaya. Na tuna wata tsohuwa a unguwar Irving Park da ta taso a Michigan, can arewa. Ta sa muka jera mata su a gefen hanyar dutse da ke zuwa ƙofarta, don haka suke a gidan mahaifiyarta. Muka fasa lakar da diga, muka gauraya ta da ɓawo, muka ɗaga kunyar don ruwa ya riƙa gangarewa. A Yuni masu wucewa suna rage gudu su kalla. A Agusta ta kira mu. Ganye ya ƙone, wasu ƙananan gizo-gizo da ido ba ya gani sun yi saƙa a ƙarƙashi. Ta tsaya da sandarta ta ce, "Ku gaya mini gaskiya, ni na kashe su?" Baba ya cire malafa ya ce, "Madam, ba ke ba ce. Garin ne bai karɓe su ba." Shekara ta zagayo ta sake saye, muka sake dasawa, muna sane da abin da zai faru.

Wani Agusta ina cire ciyawa a cikin tsakuwar da ke ƙarƙashin layin tukwane, na kai hannu zan tuge wani ɗan tsiro, Baba ya buge mini hannu. Ƙwaya ce ta faɗo daga ɗaya cikin na arewan nan ta tsiro da kanta. Iyayen suna sama cikin tukwane sun ƙone, shi yana ƙasa cikin tsakuwa mai zafi, kore shar. Baba ya haƙo shi da cokalin abincinsa, ya dasa shi a gabashin ɗakin kayan aiki. Ya bar shi Agusta bayan Agusta. Itacen ya girma, kuma lokacin da 'yan'uwansa ke zubar da ganye, shi fure yake yi. Ni da shakkata na ce ko inuwar ɗakin ce ke taimakonsa. Baba ya yanki rassa daga jikinsa ya rene su, ya ajiye su a tsakiyar rana tare da sauran. Suka rayu. Daga nan muka riƙa kiran wanda ke gindin ɗakin nan da suna uwa.

Daga jikin uwa ake yankan 'ya'ya, kuma wannan ne aikin da na fi so a duk sana'ar. Farkon Yuni, da sassafe, ka zaɓi sabon reshe wanda bai yi taushi da yawa ba bai kuma ƙosa ba. In ka lanƙwasa shi ya karye da ɗan ƙara, ya yi. Tsawon yatsa za ka yanka. Ka zage ganyen ƙasa, ka tsoma gindin cikin hodar da ke sa saiwa ta fito, ka kaɗe, ka soka a tire, ka kai rumfar feshi inda inji ke sakin raɓa lokaci-lokaci. Sai jira. Ni nakan kasa haƙuri in je in ɗan ja guda in ji ko ya kama, har Baba ya ce in ya sake kama ni zai ɗaure mini hannu a baya. Ba a shuka ƙwayarsa, domin ƙwaya tana iya komawa halin kakanni. Reshe ne kaɗai ke fitowa da halin uwa sak.

A ido 'ya'yan uwa da na arewa ba su da bambanci in ba zafi ne ya zo ya raba su ba. Sai Baba ya yi abin da ake yi wa awaki a gida in za su shiga garke. Ya yayyaga wani tsohon jan zanen matarsa, ya huda bakin kowace tukunya ya ɗaura ƙyalle. Mai lambu ya gani ya yi murmushi ya wuce. Sunan ya bi itacen, Mai Jan Ƙyalle. Tsohuwar Irving Park aka kai mata su, suka tsallake Agusta, ta aiko mana da kek. Mafi yawa kuwa 'yan kwangilar gyaran gidaje ne ke kwasa a kamyo, ba mu san inda suke dasawa ba. Amma kullum Baba yana ware layi guda a bayan rumfa, ba na sayarwa ba, ajiya ce ko wani abu zai sami uwa. Mai lambu ya sha ce masa akwai hanyar da ake yi wa sabon iri rajista a ba shi sunan kansa. Baba yakan ce, "Bari ya ƙara cin Agusta ɗaya." Ni ma na goyi bayansa, don ina tsoron a sa suna itacen ya zo ya ba mu kunya.

Mai lambu ya tsufa, 'yarsa ta karɓi wurin. Mace ce mai ƙoƙari, ta yi karatun shuke-shuke, tana kuma girmama Baba. Ita ta zo mana da labarin cewa an canza wa itacen gida. Masana sun duba cikin jikinsa, irin binciken da ake yi wa jini don a san dangantaka, suka ga ba gida ɗaya yake da sauran Potentilla ba, waɗanda galibi ciyayi ne masu taushi, shi kuwa itace ne. Suka mai da shi wani gida da ake kira Dasiphora. Sunansa na biyu, fruticosa, bai canza ba, danginsa kuma dangin wardi dai. Ta ce akwai masanan da har yanzu suke riƙe da tsohon sunan, amma ita sabon za ta bi.

Baba ya ce, "Yoo, ya gano gidansu, madalla. Agusta dai ba ta karanta takarda."

Ni kuwa abin ya dame ni. Shekaru ina miƙa wa mutane tukunya ina faɗin gidan da ashe ba nasa ba ne. A wurinmu jingina mutum ga gidan da ba nasu ba ba ƙaramin abu ba ne, sayar da kaya da sunan da ba nasa ba kuwa kowa ya san yadda yake. Ranar Juma'a na jira mutane suka ragu, na sami Liman yana sa takalmi.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya."

Ya ce, "Malam Haruna, sifirit ne kuma?"

Na kwashe duka na gaya masa, yana saurare da takalmi ɗaya a hannu.

"Wanda ya saya, itacen da ya nuna shi ka ba shi?"

"Shi."

"Ka san da sabon sunan ka ɓoye?"

"Wallahi shekaranjiya na ji."

"To itacen ya kawo ƙara?"

Waɗanda ke kusa suka fashe da dariya. Ya sa takalminsa ya ce, "Je ka, Malam Haruna. Allah ya ba mu irin tsoronka, amma ɗan kaɗan."

Sababbin alamun roba masu sabon suna suka iso a lokacin cinikin kaka, tare da kamyon sababbin itatuwa daga arewa, koraye tas don ba su ga zafinmu ba. Ranar Sallah ce kaɗai ni da Baba ke barin lambun lokaci guda, kuma a shekarar Babbar Sallah ta faɗo daidai tsakiyar cinikin. Muna filin idi da manyan riguna, a can lambu aka ce yau za a canza alamu. Wani ɗan kwangila yana son duk abin da ke akwai na wannan itace, kuma ya ce tukwanen su zo da tsabta. Abokan aikinmu suka yi abin da aka sa su. Suka tattara duk mai suna ɗaya wuri ɗaya, har da layin bayan rumfa, suka kwance ƙyallayen, suka sa alamu, aka loda.

Washegari muka zo da naman Sallah a kwano za mu raba musu. Baba ya zaga bayan rumfa ya ga tsakuwa kawai, da zagayen da gindin tukwane ya bari. Ƙyallayen suna cikin wani bokiti.

'Yar mai lambu ta ce, "Salifu, ai suna ɗaya ne, iri ɗaya ne." Da ta ga fuskarsa ta gane, ta rufe baki da hannu. Nan take ta kira ɗan kwangilar, amma ya riga ya rarraba wa ma'aikatansa, kowa ya nufi unguwarsa. Ba na ɗora mata laifi. A takarda gaskiyarta ce, kuma ita ma ta sha yi wa Baba maganar rajista. Sunan da ke jikin tukunya ya tsaya ne a kan gida da iri, ba a yi shi don ya raba ɗa da ɗa a cikin ɗaki guda ba. Mu ne ba mu ba namu suna ba.

Baba ya ajiye kwanon naman ya ce, "Ba komai, Madam. Uwa na nan. Yuni na zuwa."

Yuni ta zo, muka yanka fiye da yadda muka taɓa yi, muka cika rabin rumfar feshi. Shekarar ce duk wanda ya yi wannan sana'a a nan yake tunawa. Zafi ya fara da wuri ya ƙi sauka, har saiwar rassan da muka soka ba ta kama da kyau ba. Sannan ragowar wata guguwa ta taso daga teku ta zauna a kanmu, ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wuta ta ɗauke. Fankokin rumfa suka tsaya, ciki ya koma kamar tukunyar dambu. Da aka dawo da wuta, tire bayan tire duk sun yi baƙi, in ka taɓa sai su narke a yatsa. Lambun ya yi asarar abubuwa da yawa a lokacin, manyan itatuwa ma sun faɗi, amma ni da Baba gindin ɗakin kayan aiki muka nufa. Ruwa ya kwanta a wurin har idon sawu. Muka haƙa rami da diga don ya gangara, laka tana riƙe mana takalma, muna haƙa yana komawa. Bayan kwanaki ganyen uwa ya sunkuya. Wannan karon ba sai na ɗaga komai ba. Muka tono ta, saiwar ta yi baƙi tana wari. Baba ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana kankara ɓawon da farce ko zai ga kore. Ya sami 'yan kaɗan muka soka, ba wanda ya kama.

Bai daɗe ba bayan nan ya koma Kumasi, don gwiwoyinsa sun gaji. Ranar da na kai shi filin jirgi ya ce mini, "Ɗan Faransa, 'ya'yan nan suna cikin garin nan. Na arewa sun mutu tuni. Duk wanda ka gani yana fure a Agusta, namu ne."

Tun daga lokacin, duk Agusta nake yawo. Na fara da Irving Park, na tarar tsohuwar ta rasu, an sayar da gidan, an shimfiɗa ciyawa har bakin hanyar dutsen. Ɗan kwangilar ya bar jihar. Ku kuma kun san yadda yake, baƙin mutum yana tafiya a hankali cikin mota yana leƙen gidajen mutane. Nakan sa hular lambu da rigar aiki, in ajiye tukunyar fure a kujerar gefe don a gane ma'aikacin lambu ne. Wani mutum ya taɓa fitowa da waya a kunne yana kallon lambar motata. Na sauka na yi masa bayani, ya ƙare yana tambayata abin da ke damun wardinsa.

Sau ɗaya na ɗauka na samu. A Summerfield ne, a gindin farin shingen wata gonar dawaki, jerin gajerun itatuwa cike da fure ruwan ɗorawa a tsakiyar zafi. Na taka burki har na kusa faɗawa kwata. Mai gonar ta fito da igiyar doki a hannu, na gaya mata, ta ce in shigo in duba. Ina durƙusawa na san ba shi ba ne. Wani itace ne da Turawa ke kira da sunan wani waliyyinsu, mai son zafi, ba ma ɗan dangin wardi ba. Kunne biyar gare shi, amma tsakiyar furen cike take da gashi tsaye kamar buroshi, ganyensa kuma guda-guda ne, biyu suna fuskantar juna a jikin reshe. Matar ta ba ni ruwan sanyi. Da na gaya wa Baba a waya ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce, "Ei, Haruna, ka riƙa duba ganye kafin ka kashe kanka."

Yanzu an sayar da lambun McLeansville, gidaje ne a wurin. Idona ya fara hazo, likita ya ce in rage tuƙi. Baba ya tsufa ƙwarai, in mun yi waya ba ya tambayar lafiyata sai ya fara cewa, "Ka gani?" Itacen nan kuma ba ya dawwama, kuma duk gidan da ya canza hannu sabon mai shi yakan tuge abin da ya tarar. Na kafa 'yar rumfar leda a bayan gidana, akwai tire, akwai hoda, almakashina a wase yake.

To ga roƙona, musamman gare ku samari da 'yan mata masu kai kaya, masu ɗaukar fasinja, masu yankan ciyawa, da mata masu zuwa jinyar tsofaffi a gidajensu. Kuna shiga unguwannin da ni ba zan ƙara kaiwa ba, har bakin ƙofa. In Agusta ta yi, ku riƙa duban ƙasa kaɗan. Gajeren itace ne mai fure ruwan ɗorawa, tsakiyar furen a kwance ba buroshi. Ganyensa ƙanana ne a rarrabe kamar yatsun jariri, galibi biyar, da ɗan gashi mai laushi, ɓawon tsofaffin rassan kuma yana saɓulewa zare-zare. In mai gidan ya ce muku Potentilla ne, ko ya ce Dasiphora, duk shi ne. Ku tambaye shi ko ya daɗe a wurin, domin wanda aka dasa bana ba shaida ba ne.

Don Allah kada ku yanka, kada ku shiga inda ba a ba ku izini ba, kada wani ya jawo wa kansa magana saboda ni. Ku ɗauki hoto, ku riƙe sunan titin, ku neme ni a masallaci ranar Juma'a, ko ku bar saƙo wurin Liman. Ni zan je in yi sallama in roƙa da kaina. In kun yi kuskure ba komai, gara in je in dawo. In kuma kun tarar an riga an tuge shi an jefar a bakin titi ana jiran motar shara, wannan ba na kowa ba ne. Ku ɗauka, ku sa shi a inuwa, ku jiƙa tsumma ku rufe saiwar, kada ku jira Juma'a. Reshe ɗaya mai rai ya ishe ni.